Daga Kwando da Mangwaro Ake Farawa: Jagora ga Mai Son Koyon Kodin Don Haɗa Gem

Kusan duk matashin da ya same ni da maganar yana son koyon haɗa gem, abu ɗaya ne a ransa: ya yi irin GTA, gem ɗin nan na yawo da tuƙi a cikin birni, amma a Kano, a hau Adaidaita Sahu daga Ƙofar Mata, a ratsa Kantin Kwari, a sauka Sabon Gari. Ni ma ina marmarin ganin wannan rana. Sai dai GTA V da ya fito a 2013 ya bi ta hannun mutum sama da 1,000, kuma shekaru suka kwashe a kansa. Wanda ya ɗauki irin wannan a matsayin aikinsa na farko, da wuya ya wuce wata biyu bai ajiye ba, ya tafi yana cewa kansa ne ba ya ja. Alhali kayan ne suka fi ƙarfin wuyansa. Wannan yana yi mini ciwo, domin na ga masu basira sun bar harkar a kan haka kawai.

Da rarrafe yaro kan tashi, har a wurin manyan. A 1972 Nolan Bushnell, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Atari a Amurka, ya ba sabon injiniyansa Allan Alcorn ɗan aikin gwaji don hannunsa ya faɗa: sanduna biyu da ƙwallo ɗaya tana kai da komo a allo. Wannan aikin gwajin ne ya zama Pong. Macijin nan da muka riƙa bugawa a Nokia, wani mutumin Finlan mai suna Taneli Armanto ne ya rubuta shi, ya fara fitowa a Nokia 6110 a 1997. Flappy Bird da ya game duniya a farkon 2014, aikin mutum ɗaya ne a Biyetnam, Dong Nguyen. Saboda haka hanyar da zan ɗora ka a kai ita ce wadda za ta kai ka ga gama ƙaramin gem guda ɗaya, tun daga layin farko har ya shiga hannun wani ya buga. Ina cewa "kai" ne don sauƙin magana. 'Yar'uwa, har da ke nake.

Kayan aiki

Ba ka buƙatar kwamfutar 'yan gem mai fitilu. Laftof ta hannu mai RAM 4GB za ta ɗauki duk abin da ke cikin wannan jagorar, mai 8GB ta fi daɗin aiki. Idan za ka saya, abu biyu za ka matsa wa mai shago a kai: batirin ya riƙe wuta, kuma ma'ajiyarta ta zama SSD, wato irin mai sauri. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, batiri mai awa uku ya fi maka amfani a kan duk wani ƙyale-ƙyale.

Wanda waya kaɗai gare shi ma zai iya farawa. Manhajar Pydroid 3 tana gudanar da harshen kodin na Python a Android, injin Godot da za mu zo kansa shi ma yana da na Android. Ka nemi ɗan kibod mai Bluetooth ko mai shiga ta OTG, domin rubuta kod da babban yatsa yana gajiyarwa. Za ka ɗan takura, amma watanni ukun farko ba za su gagare ka ba.

Sai littafin rubutu da biro, da awa ɗaya a kullum. Awa ɗaya kullum bayan asuba ta fi awa bakwai ranar Lahadi, domin kodin irin hadda ne, idan ka bar shi kwana shida sai ka tarar ya zube.

Maganar harshe kuma ba zan ɓoye maka ba: yawancin bayanai da saƙonnin kuskure da Turanci suke. Ba iya magana ake nema ba, iya karantawa ne, kuma kalmomin ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa. Ka ware shafukan ƙarshen littafinka kana rubuta kowace sabuwar kalma da ma'anarta da Hausa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suna iya juya Godot zuwa Faransanci.

Mako biyu a Scratch

Scratch manhaja ce da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, ta fito a 2007. Ba a rubutu a cikinta, tubala ake ja ana haɗawa, kuma kyauta ce, akwai wadda ake saukewa a yi aiki ba intanet. Manya kan raina ta saboda don yara aka yi ta. Kada ka raina. A nan ne za ka fara gane cewa kwamfuta ba ta da hankalin kanta, abin da ka faɗa mata kawai take yi, a kan tsarin da ka jera. Ka sa kyanwar da za ka tarar a allon Scratch ta yi tafiya da maɓallan kibiya, ka sa ta bi ɓera, ka sa maki ya ƙaru idan ta kama shi. Da ka yi wannan, ka tattara ka wuce. Mako biyu ya isa.

Abubuwa biyar da kowane gem ke tsaye a kansu

Yanzu sai rubutu. Ina ba da shawarar Python, harshen da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, saboda rubutunsa a sarari yake, kuma harshen da za ka yi aiki da shi a Godot ya yi kama da shi ƙwarai. Ka sauke shi daga shafinsa, ka buɗe IDLE, manhajar rubuta kod da ke zuwa tare da shi, ka rubuta wannan da hannunka. Kada ka kwafa ka manna, ka buga harafi bayan harafi:

```
import random

boye = random.randint(1, 50)
gwaji = 0

while True:
    amsa = int(input("Fadi lamba: "))
    gwaji += 1
    if amsa < boye:
        print("Ta fi haka")
    elif amsa > boye:
        print("Ba ta kai haka ba")
    else:
        print("Ka ci! Gwaji:", gwaji)
        break
```

Wannan gem ne cikakke: kwamfuta ta ɓoye lamba tsakanin 1 da 50, kai kana canka. A cikinsa akwai uku daga cikin abubuwan nan biyar.

Na farko ma'aji, wanda za ka ji masu koyarwa suna kira bariyabul. `boye` da `gwaji` da `amsa` duk ma'ajai ne, kamar gwangwanayen mai shago da aka liƙa wa suna, kowanne da abin da ke cikinsa, kuma ana iya canja abin. Makin ɗan wasa, ransa, inda yake tsaye a allo, harsashin da ya rage masa, duk a ma'aji suke zaune.

Na biyu sharaɗi, wato `if` da `elif` da `else`: idan kaza ta faru a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza. Dokokin gem gaba ɗayansu sharuɗɗa ne. Idan maciji ya ciji jelarsa wasa ya ƙare. Idan ƙwallo ta haye layi an ci.

Na uku maimaici, wanda ake kira luf, shi ne `while`: a yi ta yi har sai an ce a tsaya, kuma `break` ne ke tsayar da shi. Ka riƙe wannan da kyau, domin kowane gem da ka taɓa bugawa babban maimaici ne guda ɗaya.

Sauran biyun, jeri da fankishin, dara ce ta fi fito da su. Gidaje 12, shida naka shida na abokin karawa, 'ya'ya huɗu a kowane gida:

```
gidaje = [4] * 12

def zuba(gida):
    hannu = gidaje[gida]
    gidaje[gida] = 0
    while hannu > 0:
        gida = (gida + 1) % 12
        gidaje[gida] += 1
        hannu -= 1
    return gida

zuba(2)
print(gidaje)
```

`gidaje` jeri ne, ma'aji ɗaya mai ɗakuna da yawa. Ka lura kwamfuta daga 0 take fara ƙirga, don haka gidajen daga 0 zuwa 11 suke, kuma `zuba(2)` gida na uku yake kwashewa. Wannan ƙirga daga sifili zai yi ta kayar da kai a makonnin farko, kowa ya bi ta nan. `zuba` kuma fankishin ne, aiki da aka rubuta sau ɗaya aka raɗa masa suna, duk lokacin da aka buƙace shi sai a kira sunan. Alamar `%` ragowar rabawa take bayarwa: 12 a raba da 12 ragowa 0, shi ya sa idan hannu ya wuce gida na ƙarshe sai ya zagayo na farko, kamar yadda ake yi a ƙasa.

Ka ba wannan mataki wata ɗaya zuwa biyu. Ga yadda za ka san ka shirya wucewa: ka rufe wannan shafin, ka sake rubuta wasan canki daga kanka, sannan ka ƙara masa doka cewa gwaji shida kawai ake da shi. Idan ka kasa, ba komai, ka ƙara mako guda.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa wani rami. Su kalli bidiyon koyarwa na awa goma, suna gyaɗa kai, suna jin sun gane, amma da an ba su farin shafi sai hannu ya tsaya cak. Kallon mai ɗinki ba ya mayar da mutum tela. Dokar da nake bi ita ce: duk minti goma na kallo, minti talatin na rubutu, kuma dole in canja wani abu a abin da aka nuna, in ga me zai lalace.

Zaɓen inji

Injin gem manhaja ce da ta riga ta ɗauke maka wahalar zana hoto a allo, da kunna sauti, da gane karo tsakanin abubuwa, kai kuma ka ji da dokokin wasanka. Uku ne suka fi suna. Unreal na kamfanin Epic Games, da harshen C++ ake rubuta shi, yana ba da hoto mai ban mamaki, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Kyauta ne har sai gem ɗinka ya kawo dala miliyan 1, daga nan su karɓi kashi 5 cikin 100. Unity, wanda aka fara a Denmak ya fito a 2005, da harshen C# ake aiki da shi, kuma shi kamfanonin gem na waya suka fi nema a wurin ma'aikaci. A Satumba 2023 kamfanin ya sanar da sabon kuɗi a kan kowace saukewa, masu haɗa gem suka yi masa ca, ya soke shi a Satumba 2024. Sai Godot, wanda wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara, suka sake shi ga kowa a 2014.

Godot nake zaɓa wa mai farawa, kuma dalilaina na zahiri ne. Ƙarami ne, ba ya cin data, ba a ma girka shi, buɗewa kawai ake yi, har a filashi za ka iya karɓo shi daga wurin aboki. Ba ya neman rajista, ba ya neman intanet, kuma ko nawa ka samu ba wanda zai ce ka ba shi kaso. Harshensa GDScript ɗan'uwan Python ne a kama. Idan daga baya aiki ya kai ka Unity, abin da ka koya ba zai tashi a banza ba, sunaye ne za su canja. Abin da ba na so shi ne ka kwashe wata uku kana karanta gardamar wane inji ya fi. Ka ɗauki ɗaya ka zauna a kansa shekara guda.

Ka sauke Godot 4. Wajen buɗe sabon aiki zai tambaye ka irin na'urar zanen da kake so, ka zaɓi Compatibility, ita ce ke tafiya a tsofaffin kwamfutoci da ƙananan wayoyi.

Gem ɗinka na farko: kama mangwaro

Mangwaro yana faɗowa daga sama, kai kana riƙe da kwando a ƙasa kana tarewa. Shi ke nan. Ka fara rubuta shi a takarda cikin jimla uku kafin ka taɓa kwamfuta: me ɗan wasa yake yi, yaya ake samun maki, yaya ake faɗuwa.

Abu biyu za ka sani kafin kod. Na ɗaya, kowane abu a allo yana da adireshi na lamba biyu, `x` da `y`. Sifilin yana kusurwar sama ta hagu. `x` yana ƙaruwa zuwa dama, `y` kuma yana ƙaruwa zuwa ƙasa, saɓanin yadda aka koya mana a darasin lissafi. Tagar Godot 4 tana zuwa da faɗin ɗigo 1152 da tsayin 648. Na biyu, motsin da kake gani a gem hotuna ne tsayayyu ake sauyawa da sauri, yawanci 60 a daƙiƙa ɗaya, kowanne ana kiransa firem. A kowane firem injin yana duba abin da aka danna, ya gyara matsayin abubuwa, ya sake zana allo. Babban maimaicin da na ambata ke nan.

A Godot komai nod ne, wato ƙaramin tubali mai aiki ɗaya, kuma tarin nod da aka adana tare shi ne fage. Ka fara da fagen mangwaro. Ka sa Area2D a matsayin uwa, a ƙarƙashinta Sprite2D mai ɗauke da hoto, da CollisionShape2D wanda za ka ba siffar da'ira daidai girman hoton. Idan ba ka da hoto, ka yi amfani da tambarin Godot da ke cikin aikin, ka rage girmansa. Ka adana da sunan `mangwaro.tscn`, ka maƙala wa uwar wannan kod:

```
extends Area2D

var gudu = 200

func _process(delta):
	position.y += gudu * delta
	if position.y > 700:
		queue_free()
```

`_process` shi injin ke kira a kowane firem. `delta` kuma shi ne lokacin da ya wuce tun firem na baya, kuma ina so ka tsaya ka fahimce shi sosai. Da ka ce mangwaro ya sauko ɗigo 5 a kowane firem, to a wayar da ke yin firem 60 zai yi ɗigo 300 a daƙiƙa, a wadda ke yin 30 kuma 150 kacal. Wasan zai zama mai sauƙi a wayar wani, mai wuya a ta wani. Da ka ninka da `delta`, ka koma magana da daƙiƙa: ɗigo 200 a daƙiƙa a kowace na'ura. `queue_free()` yana share mangwaron da ya wuce ƙasa. In ba ka share ba, za su yi ta taruwa inda ido ba ya gani har wasan ya fara nauyi.

Sai babban fage. Uwa Node2D, a ƙarƙashinta abu uku: Area2D da za ka raɗa wa suna Kwando, da nasa Sprite2D da CollisionShape2D mai kusurwa huɗu, ka ja shi ƙasan allo, Timer, wato agogo mai ƙirga lokaci, da za ka kunna wa Autostart, da Label, wato gurbin rubutu a allo, mai suna Maki. Kod ɗin Kwando:

```
extends Area2D

var gudu = 400

func _process(delta):
	var shiyya = Input.get_axis("ui_left", "ui_right")
	position.x += shiyya * gudu * delta
	position.x = clamp(position.x, 0, 1152)
```

`shiyya` tana zama -1 idan an danna hagu, 1 idan dama, 0 idan an saki. `clamp` yana hana kwandon ficewa daga allo. Ka danna F5, ka zaɓi wannan fage a matsayin na farawa, ka motsa kwandonka. Ka ɗan tsaya ka ji daɗin wannan, ranar farko da abu ya motsa da umarninka ba a manta ta.

Saura a haɗa su. Ka maƙala wa uwar babban fage wannan:

```
extends Node2D

var mangwaro = preload("res://mangwaro.tscn")
var maki = 0

func _on_timer_timeout():
	var sabo = mangwaro.instantiate()
	sabo.position = Vector2(randf_range(40, 1110), -40)
	add_child(sabo)

func _on_kwando_area_entered(area):
	area.queue_free()
	maki += 1
	$Maki.text = str(maki)
```

Waɗannan fankishin biyu ba za su yi aiki ba sai an ɗaura su da sigina. Sigina kamar kiran mai shela ne: nod ya sanar cewa wani abu ya faru, wanda ya yi rajistar saurare ya amsa. Ka zaɓi Timer, ka shiga jerin siginoninsa, ka danna `timeout` sau biyu, ka haɗa shi da uwar fage. Haka za ka yi wa `area_entered` na Kwando. Idan ka kunna ka ga ba mangwaron da ke faɗowa, abu biyu za ka fara dubawa: ko ba ka haɗa siginar ba, ko ba ka kunna Autostart ba.

Daga nan na saki hannunka. Ka ƙara rai uku, duk mangwaron da ya faɗi ƙasa a cire ɗaya. Ka sa gudu ya ƙaru bayan kowane maki 10. Ka jefo dutse jefi-jefi wanda bai kamata a tara ba. Ka yi shafin farawa da na "wasa ya ƙare" da maɓallin sakewa. Don waya, ka sa TouchScreenButton biyu, ka ba ɗaya aikin `ui_left` ɗaya `ui_right`. Waɗannan ƙananan abubuwa za su ci lokacin da ya fi na ainihin wasan, kuma su ne suka raba wanda ya gama da wanda ya fara. Duk sabon tunanin da ya zo maka a tsakiyar aiki, ka rubuta shi a littafi ka bar shi na gem na gaba.

Idan jan rubutu ya fito

Zai fito, kullum. Saƙon kuskure ba zagi ba ne, kwatance ne: yana faɗa maka sunan fayil, da lambar layi, da abin da ya ɗaure wa kwamfuta kai. Ka karanta shi a nutse har ƙarshe. Yawancin na mai farawa ba su wuce harafin da ya kuɓuce, ko babban baƙi a gurbin ƙarami, ko tazarar farkon layi da ba ta daidaita ba, domin Python da GDScript da wannan tazarar suke gane wane layi ne a ƙarƙashin wane. Idan ba saƙo amma abin ba ya yin daidai, ka sa `print` ka ga me ke cikin ma'ajin a wannan lokacin. Sau da yawa abin da kake zato daban, abin da ke ciki daban.

Akwai tarko ɗaya na musamman ga Godot. Godot 4 ya fito a Maris 2023 ya canja sunaye da dama, amma tsofaffin bidiyoyi na Godot 3 suna nan birjik. Idan ka ga mai koyarwa ya rubuta `instance()` a maimakon `instantiate()`, ko KinematicBody2D a maimakon CharacterBody2D, to tsohon ne. Bayanan Godot na hukuma suna da darasin gem na farko mai kyau, ana kuma iya sauke su a karanta ba intanet.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna da amfani wajen fassara maka saƙon kuskure ko bayyana layin da ya shige maka duhu. Amma kada ka sa layin da ba za ka iya yi wa ƙaninka bayaninsa ba a cikin aikinka. Ranar da ya lalace, ba ka da inda za ka kama.

Hoto, sauti da ajiya

Kada rashin iya zane ya tsayar da kai. Shafin Kenney yana ba da dubban hotuna da sautuka a ƙarƙashin lasisin CC0, wato ka yi yadda ka ga dama da su har da sayarwa. A OpenGameArt da Freesound kowane abu da nasa lasisin, sai ka karanta, wasu suna sharɗanta a ambaci mai shi. Hoton da ka tsinta a Google ko waƙar wani mawaƙi haƙƙin mai su ne, kada ka ɗauka ba izini. Krita da Piskel suna zane kyauta, Audacity tana gyaran sauti, kuma wayarka ta isa ka naɗi ƙarar ƙwarya ko tafi ko kalangu. Idan za ka sa rubutun Hausa, ka gwada salon haruffan da ƙ, ɗ da ɓ tun da wuri, domin da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a gurbinsu. Noto Sans yana da su. Sunayen fayil kuwa ka bar su ba ƙugiya, kamar yadda na rubuta `boye` a sama.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa rasa aikin makonni da dama lokacin da ma'ajiyar kwamfutata ta mutu, kuma ba na so ka ɗanɗana wannan. Ka koyi Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ka buɗe asusu kyauta a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet. Umarni huɗu sun ishe ka a farko: `git init`, `git add .`, `git commit` da `git push`. Yana adana tarihin kowane canji, idan ka ɓata abu yau sai ka koma na jiya. Kafin ka iya shi, ka riƙa kwafe jakar aikin a filashi kowane dare da kwanan wata.

Ka miƙa wa mutane

Ka ba ƙaninka ko ƙanwarka, ka tsaya a baya ka yi shiru. Kada ka nuna musu inda za su danna. Duk inda suka rikice, laifin gem ɗin ne, ka rubuta ka gyara. Yara sun fi abokai amfani a nan, ba su san kara ba, in bai yi daɗi ba ajiyewa za su yi.

Fitar da gem daga Godot yana buƙatar ƙarin fayil da ya ninka injin kansa girma sau da yawa, don haka ka jira datar dare ko inda akwai wayifai. Hanya mafi sauƙi ita ce fitarwa don burauza, ka ɗora kyauta a itch.io, shafin da masu haɗa gem ke baje aikinsu, ka tura adireshin a WhatsApp. Fitar da APK, wato fayil ɗin da ake girkawa a wayar Android, yana neman ka girka Java da kayan aikin Android. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwajin kwana 14 da wasu masu gwaji kafin a bar shi ya saki manhaja. Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, dala 100 ne a kan kowane gem, Apple dala 99 a shekara. Ba ɗayansu da kake buƙata a gem na farko.

Bayan mangwaro, ka yi Pong, ka yi maciji, ka yi mai tsalle-tsalle mai mataki uku. Sannan ka shiga gasar haɗa gem cikin ƙurarren lokaci. Global Game Jam ana yin ta kowace Janairu tun 2009, a itch.io kuma kusan kowane mako akwai wata. Awa 48 da ake bayarwa a Global Game Jam ba ta barin mutum ya yi dogon buri, dole ya gama. Waɗannan ƙananan ayyuka su ne takardar shaidarka, domin kamfanoni irin su Maliyo Games na Legas, ko Leti Arts na Gana da Kenya, ko Kiro'o Games na Yawunde da ya fitar da Aurion a 2016, a irin sana'arsu abin da mutum ya gama ake fara dubawa.

Idan hannunka ya faɗa, ka dawo kan darar nan da muka fara. Zubin 'ya'ya ka riga ka rubuta shi. Saura dokar ci, kuma ita ta bambanta daga gari zuwa gari, don haka ka je majalisar da dattawa ke bugawa, ka gaishe su, ka zauna ka kalla, ka tambaya: yaushe ake ci, yaushe hannu ke mutuwa, me ake yi idan gidajen mutum sun zama wayam. Ka rubuta amsoshin a takarda a matsayin sharuɗɗa, "idan kaza, sai kaza". Don kwamfuta ta iya karawa da mutum, ka sa ta kwafi jerin gidajen da `duplicate()`, ta gwada zubi daga kowane ɗaya cikin gidajenta shida a kan kwafin, ta zaɓi wanda ya fi ci. Idan ta fara yin haka, ka koya mata ta duba amsar da abokin karawa zai iya mayarwa kafin ta yanke, sannan ka ɗauki wayar ka koma majalisar ka miƙa wa wanda ya fi kowa iyawa a cikinsu ya gwada ta.